Buhu Ba Ya Korar Dami

A wannan mako filin namu zai leƙa barga, sa'an nan ya ratsa ta ɗakin zomaye, domin wata magana da ta daɗe tana ci mini rai, wadda kuma wani abu da na gani da idona ya sa na ga bai kamata in ƙara jinkirta ta ba.

Ana saura mako uku a yi Ƙaramar Salla na je gida Arewa, na sauka wurin wani aminina mai riƙe da wata 'yar sarauta a garinsu. Mutumin nan yana da wani ingarma kili wanda yake ji da shi kamar ɗan cikinsa, shi yake hawa kowace Salla idan za a yi wa Sarki jafi. Da muka gama gaisawa sai ya ja ni barga, ya nuna mini buhu uku jingine da bango, ya kwance bakin ɗaya ya ɗebo mini abin da ke ciki a tafin hannu. Wasu 'yan curi-curi ne kore shar, masu tauri, kowane bai fi kashin akuya girma ba, suna ƙanshin sabuwar harawa. Ya ce, "Malam, ka ga abincin da masu folo suke ba dawakinsu. Daga yau na huta da masu harawa da tsadarsu." Nan take ya umarci yaron doki da ya daina sayen dami, ya riƙa cika wa kili komi da wannan safe da yamma.

A rana ta uku, da hantsi, yaron doki ya shigo a guje. Muka tarar da kili tsaye ya miƙe wuya, yana tari, yawu na dalala, wani koren ruwa na fitowa ta hancinsa. Abincin ne ya cushe masa a hanyar da ke kai shi ciki, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Allah Ya sa likitan dabbobi yana gari. Ya yi masa allura, ya zura masa wata roba ta hanci, ya yi ta ɗura ruwan ɗumi yana tsiyayarwa har abin ya wuce. Da ya wanke hannu sai ya dubi mai gidan ya ce, "Ranka ya daɗe, abincin nan ba shi da laifi, yadda aka ba shi ne da laifi." Kili ya rayu, amma likita ya hana a ɗaura masa sirdi sai ya warware sarai, saboda haka a dokin aro aminina ya yi hawan Sallar nan.

To, mene ne wannan abinci, kuma ina kuskuren yake? Masu sayarwa suna ce da shi felet, mu kuwa bari mu kira shi curarriyar ciyawa, domin abin da yake ke nan. Busasshiyar ciyawa ake zubawa a inji a niƙe ta ta zama gari, a busa mata tururi ta yi laushi, sa'an nan a matsa ta da ƙarfi ta cikin wani faifan ƙarfe mai huda-huda, ta fito kamar taliya, wuƙa na yanka ta guntu-guntu. In ta huce sai ta yi tauri, a ɗura a buhu. Wani curin na ciyawa ce zalla, wani an gauraya shi da hatsi da dusa da gishiri da madin rake. Ciyawar da aka fi yin sa da ita kuwa ita ce alfalfa.

Alfalfa ba 'yar'uwar gamba ko harkiya ba ce. Dangin wake da gyaɗa ce, watau irin tsiron nan da saiwarsa ke da 'yan ƙulle-ƙulle masu jawo taki daga iska su ajiye a ƙasa. Tana da 'yan ganye uku-uku da fure mai ruwan shuni, saiwarta na nutsawa ƙasa mita da yawa, kuma in an shuka ta sau ɗaya akan yi shekaru ana yanka tana tohowa. Asalinta ƙasar Farisa ce da kewayenta, kuma tun fil azal tafiyarta ɗaya da doki. Masana tarihi sun nuna ta shiga ƙasar Girka ne wajen shekara ta 490 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, tare da rundunar Farisawa. Ta isa ƙasar Sin a ƙarni na 2 kafin haihuwarsa, lokacin da sarakunan can suke neman dawakin Fargana da abin da za su ciyar da su. Sunan alfalfa daga bakin Larabawa ya shiga bakin mutanen Sifen, su kuma suka ƙetare teku da ita zuwa Amurka ta Kudu a ƙarni na 16, daga ƙasar Chile ta hau zuwa Kalifoniya wajen 1850. Turawan Ingila suna ce da ita lusan. 'Yan'uwanmu mazauna Sudan da alhazan da suka taɓa leƙa kasuwar dabbobi a Saudiyya sun san ta da sunan barsim.

Yadda ta iso bargar Hausa ba abu ne mai wuyar ganewa ba. An kafa kulob ɗin folo na Legas tun 1904, Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rungumi wasan ya kai shi garinsa, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuwa ya yi suna a kansa har ƙasashen waje. Da tafiya ta yi tafiya masu hali suka shiga sayo dawakin folo daga Ajantina, ƙasar da ke cikin manyan masu noman alfalfa a duniya. Dokin da ya tashi a kan alfalfa, ba abin mamaki ba ne buhunta ya biyo shi. Daga bargar folo sai abin ya burge masu dawakin hawan Salla da na sukuwa, daga nan ya kai ga masu kiwon zomaye a cikin gida.

Kada mai karatu ya ɗauka na zo in kushe curarriyar ciyawa ne. Haƙiƙa tana da amfani mai yawa. Abin da zai cika mota in dami ne, in curi ne 'yan buhuna kaɗan sun ɗauke shi, wannan kuwa ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai doki a Legas ko Fatakwal, inda harawa sai an yi mata doguwar tafiya. Ba ta da ƙura, saboda haka ta dace da dokin da ke fama da tari. Ba a yin asararta kamar ciyawar da doki kan watsar ya tattake. Ana iya auna ta a san abin da dabba ta ci. Fiye da duka, ita ce rufin asirin tsohon dokin da haƙoransa suka cinye, wanda kan tauna ciyawa ya tofar da ita dunƙule-dunƙule: in aka jiƙa masa curi ya zama kamar fate, sai ya ci ya mai da jikinsa. Duk wannan gaskiya ne. Kuskuren aminina guda ne, ya ɗauka buhu na iya korar dami daga barga.

Domin a gane dalili sai mu dubi yadda Allah Ya halicci cikin doki. Duk girman nan nasa, tumbinsa ƙarami ne, bai wuce ya ɗauki lita 15 ba, alhali hanjinsa ya kusa mita 30. A can ƙarshen hanjin, a cikin babban hanji, ake yin ainihin aikin narkar da ciyawa, kuma waɗansu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke yin sa. Doki ba ya tuƙa kamar saniya, ba ya kuma iya amai, abin da ya shiga sai dai ya fita ta baya. Tumbinsa na tsatso ruwa mai tsami dare da rana, ko da abinci a ciki ko babu. Maganin wannan tsami shi ne yawu, wanda ke da wani sinadari irin na kanwa, yawun doki kuwa ba ya zuwa sai yana tauna. Shi ya sa dokin da aka sake a makiyaya yakan yi sa'a 14 har zuwa 16 a yini kansa na ƙasa, yana tsinka kaɗan-kaɗan.

To, masana sun auna sun ga doki yakan yi wajen minti 40 kafin ya cinye kilo ɗaya na busasshiyar ciyawa, amma kilo ɗaya na hatsi ko curi a cikin minti 10 ya share shi. Injin ya riga ya yi masa taunar. Ashe ke nan dokin da aka mai da shi kan curi zalla zai gama abincin yininsa cikin ɗan lokaci, sauran sa'o'in kuwa yana tsaye a turke, baki ba aiki, yawu ba ya sauka, tsami na cin tumbi. Daga nan gyambon ciki ke samo asali. Daga nan ne kuma za ka ga doki ya shiga gaigayar turke da ƙyaure, ko cin ƙasa, mai shi yana cewa mugun hali ya koya, alhali kuwa abin tauna yake nema. Shi kuma curin da aka haɗiya a bushe, da gaggawa, ba tare da isasshen yawu ba, yakan kumbura a hanya ya toshe ta, abin da ya sami kili ke nan.

Akwai kuma maganar sauyi. Waɗannan ƙananan halittu na babban hanji sukan saba da irin abincin da ake ba doki, in aka sauya musu shi dare ɗaya sai su rikice, iska ta taru, ciki ya murɗa. Duk mai doki ya san ciwon ciki shi ne babban makashin dawaki. Saboda haka kowane irin sabon abinci, ko curi ne, ko sabuwar harawa, ko ɗanyar ciyawar farkon damina, sai a shigar da shi sannu a hankali, ana ƙara kaɗan kullum har mako ɗaya zuwa biyu. Aminina ya so kili ya yi ƙiba kafin Salla, ya manta ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙa'idar da likitocin dabbobi suka tsaya a kai mai sauƙi ce. Kullum doki yana bukatar busasshiyar ciyawa da ta kai kashi 1.5 zuwa 2 cikin 100 na nauyin jikinsa. Dokin da ya kai kilo 350 ke nan yana son kilo 5 zuwa 7. Mafi yawan wannan ya kamata ya zama doguwar ciyawa ce, ingirici ko harawa, wadda zai tsaya ya tauna. Curi ya zama ƙari ne, a raba shi sau biyu ko uku a yini, a zuba masa ruwa kamar ninki biyu na yawansa, a bari ya farfashe kafin a ajiye wa doki. A ƙasarmu mai zafi kada a jiƙa na yamma tun da safe, domin zai yi tsami. Ruwan sha kuwa kada ya yanke a gabansa.

Yanzu sai mu zo kan ita alfalfa kanta, domin ba kowane curi ne alfalfa ba, kuma ba kowace dabba ce take bukatarta ba. Abinci ce mai ƙarfi. Sinadarin gina jiki da ke cikinta yakan kai kashi 15 zuwa 20 cikin 100, alhali na ingirici mai kyau da ƙyar yake kai kashi 10, ciyawar dajin da ta bushe a tsaye da rani kuwa takan faɗi ƙasa da kashi 5. Haka nan ta ninka ciyawa sau biyu ko uku wajen kalsiyam, watau sinadarin da ke gina ƙashi. Wannan ya sa ta zama alheri ga goɗiya mai ciki ko mai shayarwa, da dukushi mai tasowa, da dokin folo ko na sukuwa da ke aiki tuƙuru, da wanda ya rame bayan jinya. An kuma tabbatar tana taimakawa wajen kashe kaifin tsamin tumbi. Amma dokin da aikinsa hawa biyu ne a shekara, sauran kwanaki yana ɗaure, in aka ɗora shi kan alfalfa zalla sai ƙiba ta yi masa yawa, ya riƙa shan ruwa da yawa yana fitsari mai zarni, bargar ta cika da wari. A Kalifoniya, inda ake ciyar da dawaki da ita ƙwarai, likitoci sun lura waɗanda suka fi cin ta sun fi yawan samun wani dutse da kan taru a cikin hanji, wanda wani lokaci sai an tsaga ciki a fitar.

A nan akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Dokin Hausa da hatsi da dusa aka san shi. Dawa da gero da masara, balle dusa, duk suna da ƙarancin kalsiyam da yawan wani sinadari da ake kira fosfaras. Jikin doki na son kalsiyam ya fi fosfaras yawa, kamar kashi biyu bisa ɗaya. In aka juya lissafin aka daɗe a haka, jiki yakan shiga zaƙulo kalsiyam daga ƙashi, ƙasusuwan fuska su kumbura, doki ya riƙa ɗingishi ba a san dalili ba. Turawan da suna kiran wannan ciwon masu niƙa, domin dawakin masu injin niƙa, waɗanda ake cika wa ciki da dusar alkama, su ya fi kamawa. Abin da ya daɗe yana tsare dawakinmu daga wannan ciwo shi ne harawa. Kakanninmu ba su san sunan kalsiyam ba, amma sun san dusa ba ta tafiya ita kaɗai. Wanda ya janye harawa saboda tsada ya bar doki da dusa da kara, lalle ya san ya cire masa garkuwa, kuma a irin wannan hali 'yar alfalfa kaɗan tana iya toshe gurbin.

Sai maganar abin da ke cikin buhu. Dami ba ya ɓoye kome: ka kwance shi ka ga ganye, ka ga ƙasa, ka sansana ka ji ko ya yi fumfuna. Curi kuwa an riga an niƙe shi, mai kyau da marar kyau kamarsu ɗaya. Saboda haka a karanta takardar da ke jikin buhu, a ga wace dabba aka yi wa shi, da me aka haɗa, yaushe aka yi shi. A guji wanda ake aunawa a mudu daga buhun da ba shi da suna. Babban haɗari shi ne a ba doki curin kaji ko na shanu don an ga kamarsu ɗaya kuma ya fi araha. A cikin irin wannan abinci akan sa wani magani mai suna monensin, wanda ke tsare kaji daga ciwon hanji, amma ga doki guba ne, ɗan kaɗan ya isa ya lalata masa zuciya. A shekarar 2024, a jihar Oklahoma ta Amurka, dawaki gommai suka mutu a gona guda cikin 'yan kwanaki saboda wannan magani ya shiga abincinsu bisa kuskure. In abin ya faru a inda ake da masu sa ido, ina ga kasuwar da ba mai tambaya? Haka kuma buhun da ya sha danshi ya dunƙule, a zubar da shi, kada a ji ciwon kuɗin, domin masarar da ta yi fumfuna tana da dafin da ke taɓa ƙwaƙwalwar doki. Ko ita alfalfa tana da nata abin tsoro: ƙwaron nan hangara, mai sa fata ta yi bororo, yakan taru a furenta, in inji ya murƙushe shi a cikin ciyawa dafinsa ba ya mutuwa ko ya bushe. Manomanmu sun san danginsa a furen wake, saboda haka ko harawa ce a riƙa kaɗe ta ana dubawa.

Mu bar barga mu leƙa ɗakin zomaye, domin a 'yan shekarun nan gidaje da yawa a birane sun shiga ajiye zomo, wasu don nama, wasu don yara su yi wasa da shi. Cikin zomo da na doki tsarinsu kusan ɗaya ne, shi ma a ƙarshen hanji yake narkar da ciyawa, shi ma ba ya amai. Amma yana da wani abu nasa: haƙoransa duka, na gaba da na ciki, ba sa daina tsiro muddin yana da rai. Na gaba sukan ƙaru da wajen milimita 2 kowane mako. Abin da ke goge su shi ne niƙan doguwar ciyawa, muƙamuƙi na kai da komowa gefe da gefe. Curi kuwa da an danna shi ya fashe, ba ya goge kome. Zomon da aka raina da curi zalla sai haƙoransa su yi tsawo su karkace, su soki harshe da kumatu, ya riƙa dalalar da yawu, ya daina ci. Zomon da ya yini bai ci ba, bai yi kashi ba, yana bakin mutuwa, a gaggauta kai shi ga likita.

Abu na biyu, jikin zomo yakan tsotse kusan duk kalsiyam ɗin da ya ci, rarar kuwa ta fitsari take fita. Shi ya sa fitsarinsa kan bar farin tabo kamar alli. In kalsiyam ya yi yawa sai ya taru a mafitsara kamar laka, ko ya zama tsakuwa, dabbar ta riƙa nishi wajen fitsari. Saboda haka curin alfalfa ya dace da 'ya'yan zomo har su kai wata shida ko bakwai, da uwa mai ciki ko mai shayarwa. Babban zomon da ya gama girma kuwa, ciyawa irin su harkiya da ingirici ita ce abincinsa, a ajiye masa tulin da ya kai girman jikinsa kullum, da ɗan ɗanyen ganye, curi kuwa kada ya wuce giram 25 a kan kowane kilo na nauyinsa. Mai kiwo don nama, wanda zai yanka a wata uku ko huɗu, yana iya dogara da curi bai ga illa ba, domin zomon ba zai daɗe har ciwon ya bayyana ba. Amma zomon gida yana iya kai shekara takwas ko goma, lissafinsu ba ɗaya ba ne. Ɓeran Masar, wanda duk da sunansa daga Amurka ta Kudu ya fito, shi ma haka haƙoransa suke, daɗin daɗawa jikinsa ba ya iya haɗa bitamin C, irin wanda ke cikin lemo da gwaiba. Wanda aka sa a curi yakan lalace bayan 'yan watanni, musamman a zafi, saboda haka ba a raba shi da ɗanyen ganye.

Wata tambaya da na san za ta zo a ran mai karatu ita ce, in alfalfa na da wannan daraja, me zai hana mu noma ta? Ana iya noma ta da ban ruwa a inda iska ke da sanyi da rani, amma ba ta son zafi mai gumi, ba ta son ƙasa mai tsami, kuma mashayiyar ruwa ce ƙwarai. Ƙasar Saudiyya ta yi shekaru tana noma ta a hamada don shanun madara, har ta ga ruwan ƙarƙashin ƙasa na ƙarewa, gwamnati ta yanke shawara a 2015 a daina, dokar ta fara aiki a ƙarshen 2018. Wani kamfaninsu ya koma jihar Arizona ta Amurka yana noma ta yana aikawa gida, a 2023 hukumar jihar ta soke masa hayar waɗansu filaye, ana ta ƙorafi a kan ruwan da yake zuƙa. Mu da rijiyoyinmu ke ƙafewa tun watan Maris, ya kamata mu yi tunani kafin mu bi wannan hanya.

Abin da nake gani shi ne, muna da alfalfarmu a gida, sunanta harawa. Harawar wake da ta gyaɗa dangi ɗaya suke da alfalfa, in an girbe su da ganyensu sinadarin gina jikinsu yakan kai kashi 10 zuwa 15, suna kuma da kalsiyam mai yawa, ba su kuma ci ruwan kowa ba sai na damina. Matsalarsu ajiya ce. Ƙarfin harawa a ganye yake, ganyen kuwa shi ne ke kakkaɓewa tun daga gona, a kan amalanke, a kan rufin soro da cokalin itace inda rana ke dukanta wata da watanni. Kafin bazara, lokacin da kuɗinta ke tashi, sai ka sayi dami ka tarar rabinsa tsinke ne. A nan ne injin curi zai yi mana rana. Da za a riƙa cure rarar harawa tun da kaka, lokacin da take da ganye da araha, da an adana abin da ke zubewa a banza, da masu dawakin Kudu sun sami abinci ba sai an nemi kuɗin ƙasashen waje ba, da manomi ya sami wata hanyar kuɗi. Ilmin ba ya nesa. Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, ta daɗe tana aiki a kan ciyayin kiwo irin su lablab, cibiyar binciken noma ta Ibadan mai reshe a Kano kuma ta fito da irin waken da ke ba da ƙwaya da harawa gaba ɗaya. Saura masu jari da ma'aikatun gona na jihohi su haɗa hannu. Amma ko a wannan rana, ko da curin na harawar gonarmu ne, maganar tana nan daram: ƙari ne a kan dami.

A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano a cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. Mun yi murna, kuma ya dace mu yi. Amma mai kallo alkyabba da jalala da lifidi yake gani, ba ya ganin wata goma sha ɗaya da dokin ya yi a turke. Darajar hawa a barga ake gina ta, a hannun yaron dokin da ya san ya jiƙa curi, ya kaɗe harawa, ya cika ruwa, ya kuma lura da ranar da doki ya juya wa komi baya.

Da na koma wurin aminina bayan Salla na tarar kili ya murmure. Buhunan nan suna nan, an ɗora su a kan katako don kada su ja danshi, ana ɗiban kwano guda safe da yamma ana jiƙawa. A gefe guda kuma ga dammunan harawa an jera har rufi. Na tambaye shi ina maganar hutawa da masu harawa, sai ya yi dariya ya ce, "Malam, kuɗin likita na yini ɗaya ya sayi harawar wata biyu."

Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin dabbobin da Ya damƙa a hannunmu, domin ba su da bakin faɗa, kuma za a tambaye mu. Sai mun sadu a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.